Laburaren da ake kullewa kafin mai karatu ya iso

Don Allah, wa aka buɗe wa laburaren jama'a? Ana buɗe shi da hantsi, a kulle shi kafin la'asar ta yi sanyi, ranakun hutu kuma kwaɗo ne a ƙofa. Wato daidai lokacin da ɗalibi yake aji, ma'aikaci yake ofis, ɗan kasuwa yake shago. Kafin su tashi an riga an kashe fitila. Sai kwamitin gudanarwa ya zauna, ya duba rijistar masu shiga, ya ce ai mutane ba sa zuwa, a rage kuɗin sayen littattafai. To ta ina za su shigo, ta taga?

Su kansu 'yan kwamitin da wuya ka ga ɗayansu ya zauna ya buɗe shafi ɗaya a ɗakin. Shi ya sa ake kashe kuɗi wajen fenti da allon suna, alhali katalog ya ce littafi yana kan kanta, ka je ka tarar wani ya ara tun bara, ba wanda ya bi sawu. Ma'aikatan ba su da laifi, lokacin da aka yanka musu suke bi. A karkasa su mana, wasu safe wasu yamma!