Zakin Ingila a Kasuwar Mai'aduwa

Wayar hannu ce ta ja mini. Wani dare barci ya ƙi zuwa, sai na faɗa kan bidiyon wasu Turawa da ke yawon kasuwannin gwanjo suna tsintar cokula da butocin shayi na azurfa a kuɗin banza, su sayar da tsadar gaske. Kafin kiran assalatu na haddace karatun tsaf. Azurfar Ingila ta ainihi, wadda kashi 925 cikin 1000 nata azurfa ce zalla, sai an buga mata hatimi: ɗan zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Kusa da shi akwai alamar garin da aka gwada ta, kan damisa in Landan ce, ƙugiyar jirgin ruwa in Birmingham ce, kambin sarauta in tsohuwar Sheffield ce, sannan harafi guda mai nuna shekara. Na zauna na yi lissafi. Turawan mulki sun shigo ƙasar Katsina a 1903, ba su tafi ba sai 1960, kuma ai ba da hannu suke cin abinci ba. Ke nan cokulansu na nan wani wuri, ni suke jira.

Na farke tsohuwar rediyon gidanmu na ciro maganaɗisun lasifika, don an ce ba ya kama azurfa. Na ari gilashin mai gyaran agogo na bakin tasha. Ranar kasuwa na hau babur daga Daura sai Mai'aduwa, ban zame ko'ina ba sai layin 'yan gwangwan.

Wani dattijo ya baza hajarsa a kan buhu: mabuɗai marasa kwaɗo, fitilar ƙwai ba ƙwai, murfin tukunya, kan keken ɗinki. Can ƙarƙashin tarkacen na hango ta. Butar shayi ce baƙa ƙirin, mai lanƙwasasshen baki, hannunta da zanen ganye. Na ɗaga na ji nauyi. Na faki idon tsohon na manna mata maganaɗisu, ya zame ya faɗi. Gabana ma ya faɗi. Na kifa ta na sa gilashi, ga 'yan hatimai a jere, ga haruffa huɗu: EPNS. Zaki dai babu, amma na ce wa raina abin da ya shekara ɗari, ko zaki ne ai ya gaji da tsayuwa.

"Baba, nawa wannan tsohuwar butar?"

"Malam, kai da ka zo da madubi, kai za ka taya."

Muka daidaita a dubu tara. Da kuɗi suka shiga aljihunsa, ilimi ya yi mini yawa a ciki, na durƙusa na karantar da shi duk abin da na sani. Har da zana masa zakin a ƙasa da tsinke, na rubuta 925 a gefe. Tsohon yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Allah Ya ƙara sani, Malam."

A gida na ɗora butar kan firji na kafa doka: baƙin nan shi ne shaidar tsufanta, kada wanda ya taɓa. Na tafi Magariba. Ina dawowa na tarar da uwargida a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ga toka, ga soson ƙarfe, ga butata tsakanin gwiwoyinta. Gefe ɗaya na sheƙi, cikinta kuwa inda aka fi dirza ya koma ɗorawa-ɗorawa.

"Maman Ummi, kin san abin da kika kankare kuwa?"

"Dauɗa, Baban Ummi. Ba za a kawo mini baƙin abu gida in zuba masa ido ba. Har yanzu ma da saura."

Washegari na nannaɗe ta a rawani na kai wa wani tsohon maƙerin fari a cikin gari. Bai ko nemi gilashina ba. Ya ɗan goga magagari a gindinta, ya ɗiga ruwan gwaji, nan take wurin ya yi kore. Ya ce wannan wankin azurfa ce, ƙarfen ciki haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, an yi masa shafe sama-sama da lantarki, kuma haruffan nan huɗu abin da suke faɗa ke nan. Turawan ba su ɓoye wa kowa ba. Tun 1840 ake irin wannan shafen a Birmingham, otal-otal suka cika da shi. Na ce to maganaɗisu fa, ai bai kama ba.

"Ɗana, maganaɗisu ba ya kama tagulla. Ba ya kama ƙwarya ma. Ko ita ma za ka kawo mini?"

Sai ya zaro wani tsohon kuɗi daga gwangwani, mai hoton sarauniya Mariya Tariza ta ƙasar Austiriya, irin wanda maƙera ke narkarwa su yi wa mata mundaye. Ya ɗora shi kan yatsa ya ƙyasta, ya yi wata ƙara siririya mai daɗewa. Ya ƙwanƙwasa butata, ta ce ƙwas. Na nuna masa 1780 a jikin kuɗin cikin girmamawa, ya ce kada shekarar ta ruɗe ni, ko jiya aka buga irinsa 1780 za a rubuta.

Ni dai har gobe ina ganin da ba a dirje butar ba da maganar ta canza. Kasuwa ta zagayo na koma Mai'aduwa in yi wa tsohon nan ƙorafi. Tun daga nesa ya miƙe yana washe baki.

"Malam mai madubi! Kayanka sun iso."

Ya yaye wani ƙyalle. Cokula ne reras a faranti, har da ludayi, kowanne da sabon hatimi a wutsiya. Na sa gilashi. Dabbar da ke jiki ta ɗaga ƙafa ɗaya, gaskiya, amma ta fi kama da akuyar da ta hango dusa, har da ɗan gemu. A gefenta an buga 952.

"Baba, 925 na rubuta maka."

"Na sani. Waccan ta talakawa ce. Wannan ta ɗara ta da ashirin da bakwai, shi ya sa cokali ɗaya dubu biyar. Amma kai da ka koya mini, kawo huɗu da rabi."