Katin da ya fi ƙarfin kwamfutata

Kwamfutar da nake haɗa bidiyon biki da ita tsohuwar ta ofis ce, 'yar gwanjo, kuma ta kai matsayin da idan na ba ta aikin minti goma sai na yi sallar la'asar na dawo ban tarar ta gama ba. Da wani abokina ya ba ni shawarar in sa mata katin hoto mai ƙarfi, wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo a cikin kwamfuta, sai na nufi titin Beirut a nan Kano, na sayo GTX 1060 na hannu, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2016, na dawo gida ina jin kaina injiniya.

Katin ya zauna daram a raminsa, amma a gefensa na ga wata kafa mai ido shida tana jiran waya, kuma duk lalube-laluben da na yi a cikin kwamfutar ban sami wayar da ta dace da ita ba. Ramin da ake soka katin wat 75 kawai yake iya bayarwa, alhali wannan katin wat 120 yake ci, don haka ragowar dole ta fito kai tsaye daga akwatin wuta, wanda ke raba wa sassan kwamfutar lantarki. Na koma kasuwa na sayo wata 'yar waya mai arha da ke jan wuta daga kan SATA, wanda aka yi domin faifan ajiya, na haɗa, na kunna, hoto ya fito tangaran.

Murnata ta ƙare ne a daidai lokacin da na sa bidiyon wata amarya, domin da fankar katin ta ɗauki gudu sai kwamfutar ta mutu ɗif ba sallama. Na ɗora laifin a kan masu kawo wuta, duk da cewa ƙwan ɗakin yana ci lafiya lau, har na kashe kuɗi na sayo sitabilaiza. Da wannan bai yi magani ba, sai na tuhumi ɗan ƙanena da taɓa mini kaya, yaron da ko ɗakin bai leƙa ba. Ana cikin haka wani ƙaurin roba ya cika gidan, uwargida ta ruga kicin ta duba tukunyarta, sannan ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, yau kai ne ka ƙona girki."

Mai gyaran da na kai wa, yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, bai ko kalli katin ba. Takardar da ke manne a jikin akwatin wutar ya nuna mini da tsinken sukudireba: wat 240 gaba ɗaya, layin bolt 12 kuma, wanda katin da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ke jan wuta daga gare shi, amfiya 17, wato wat 204 idan aka ninka. Ya ce, "Yallaɓai, katinka 120, furosesarka 84, ka haɗa da kanka." Na haɗa na sami 204 cif, ba a bar wa faifai da fanka ko na shan ruwa ba. Ya ƙara da cewa Nvidia akwatin wat 400 ta ba da shawarar a yi amfani da shi, kuma kan SATA bai wuce wat 54 ba, katin kuwa yana iya jan fiye da haka ta kafar nan mai ido shida, shi ya sa kan ya narke.

Na ce to a canja akwatin, sai ya nuna mini cewa babban allon wannan kwamfutar, wanda ake soka dukkan sassanta a jikinsa, kan waya mai ido takwas yake karɓa, na kamfaninta kaɗai, sababbin akwatunan kasuwa kuwa mai ido ashirin da huɗu suke zuwa da shi. A ƙarshe na yi musayar katin da GTX 1050 Ti, wanda wat 75 na ramin ya ishe shi, mai shagon kuma ya zabtare kuɗina yana yi mini jaje. Sitabilaizar kuwa uwargida ta ɗauke ta kai wa firjinta, ta ce ladan firgitar da ita ce.