Masu sayar da fulawa, ku bar ɓoye mana saiwa

Wai don Allah me ya sa mai sayar da fulawa yake haɗe rai da zarar ka ce ya zare shuka daga tukunya ka ga saiwarta? Shi da bakinsa ya ce maka irin mai daɗewa ce, ta bushe ta sake tohowa shekara bayan shekara. To ai ƙarfin irin wannan shuka duk a ƙarƙashin ƙasa yake. Furen da ke sama na 'yan makonni ne, amma shi ake tura maka a ido.

Wadda aka sayar mini, da na zare ta don dasawa, saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo, ƙasar tukunyar ma ta kusa ƙarewa. Shuka ce da ta daɗe a matse. Ka zuba ruwa ya bi gefe ya wuce, tsakiya a bushe. In ba ka warware saiwar da hannu ba, ko a cikin lambu haka za ta ci gaba da zagaye kanta. Wa ya gaya mini? Babu.

Ga ɗura wa shuke-shuken takin zamani a rumfar reno don su yi fure da wuri. Wasu har feshin paclobutrazol, maganin rage tsawon shuka, suke yi don shukar ta tsaya gajera, ta cika ido. Tana fitowa rana sai ta langaɓe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rashin bayani. Misali, fulawar da ake kira peony ba ta fure sai ta sha sanyin hunturu sosai, kuma in idon tohonta ya nutse fiye da santimita 5 a ƙasa, ganye kawai za ka yi ta kallo. Magana ce ta minti ɗaya, amma takardar da ke jikin tukunya hoto ne da suna, shi ke nan. Fulawar da ake kira canna kuwa, za ka ga ganye da zane-zanen rawaya na cutar bairos, a ce maka ado ne. Cutar ba ta da magani, darɓa kuma na kwashe ta zuwa sauran.

Ka koma da ƙorafi, amsa ɗaya ce: "Ba ka iya ban ruwa ba." Haba malam! Ban ruwa ne ya nannaɗe saiwar tun kafin in biya kuɗi?