Kafin ka cike fom ɗin digiri na biyu a ilimin tsirrai

Ƙannena maza da mata da kuka gama digirin farko a ilimin tsirrai, kuna haramar komawa digiri na biyu, ku ara mini kunnuwanku. Abin da ke damuna shi ne yawan masu komawa makaranta don kawai aiki bai samu ba, zaman gida kuma ya ishe su. Ka tambayi mutum wane bincike zai yi, sai ya ce maka, "Duk wanda aka ba ni." Wannan amsa ba ta kamaci mai son zama masani ba. Shekara biyu ko fiye za ka zuba, da kuɗi da ƙuruciya, ta yaya za ka shiga ba ka san abin da ka je nema ba?

Digiri na biyu ba ƙarin lacca ba ne. Tambaya ɗaya za ka ɗauka ka bi ta har ka ga ƙwal uwar daka. Ɗauki wuta-wuta, ciyawar nan mai fure mai kyau da ke kashe dawa da gero da masara. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba, kuma ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Da ya tsiro sai ya maƙale wa saiwar yana tsotse ruwa da abinci, ta yadda kafin manomi ya ga furen a sama, ɓarna ta riga ta auku a ƙasa. Tun 1966 aka gano irin wannan sinadari a saiwar auduga, amma har gobe ana neman irin hatsin da zai jure wa wuta-wuta, da dabarar da za ta yaudari ƙwayar ta tsiro inda babu abin kamawa ta mutu. To, irin wannan ake kira tambaya. Wanda ya shiga da makamanciyarta a zuciyarsa, ko ba a tsare shi ba zai yi karatu.

Sannan ku duba malamin da zai duba aikinku kafin ku duba sunan jami'a. Ku nemo takardun da ya wallafa a shekarun baya-bayan nan ku karanta. Ku tambayi ɗalibansa na da, cikin ladabi, ko yana karanta abin da aka kai masa, da kuma tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su gama. Ku leƙa ɗakin gwaje-gwajen da idonku ku ga ko na'urorin suna aiki.

Ku kuma sani cewa shuka ba ta san jadawalin jami'a ba. In gwajinka na gona ne, ka yi sake damina ta wuce ba ka yi shuka ba, shekara ce guda ta tafi. Masaniyar ilimin gado Barbara McClintock ta yi shekaru tana shuka masara a Amurka, tana duba launin ƙwayoyi a jikin zangarniya, har ta gano a shekarun 1940 cewa wasu ƙwayoyin gado suna sauya mazauni. Da yawa ba su saurare ta ba a lokacin. Sai a 1983 aka ba ta lambar Nobel. Shi ya sa nake roƙonku da babbar murya, in shukar gwajinku ta mutu ku rubuta cewa ta mutu. Kada ku zauna a ɗaki ku ƙirƙiro alƙaluma don kundi ya yi kyau. Wani zai zo ya ɗora aikinsa a kan ƙaryar, kuma can ƙarshe manomi ne zai kwana a ciki.

Abin kunya ne mutum ya riƙe digiri biyu a wannan fanni amma a miƙa masa reshe ya kasa faɗin danginsa. Ku koyi ɗauko samfuri da ganyensa da furensa, ku shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, ku matse da katako, kuna sauya takardar kafin danshi ya sa ya yi funfuna, sannan ku rubuta inda aka samo shi da ranar da sunan wanda ya ɗebo. Samfurin da ba shi da wannan bayani ciyawa ce kawai. Ma'adanar busassun tsirrai ta lambun Kew a Ingila tana da samfuri wajen miliyan 7, kuma kowane ɗaya da hannu aka matse shi haka. Har yanzu tsarin sunan tsirrai mai kalma biyu da Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya kafa a 1753 ake bi, kuma duk shekara ana raɗa wa sababbin tsirrai kusan 2,000 suna. Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa. Ku haɗa da ilimin ƙididdiga da manhajar R ta nazarin alƙaluma, domin duk inda kuka je za a tambaye ku.

Maganar aiki kuwa, koyarwa a jami'a hanya ce mai daraja, amma guraben kaɗan ne kuma sai da digiri na uku ake zama daram. Akwai cibiyoyin binciken noma irin su IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 da ICRISAT da aka kafa a Indiya a 1972, akwai kamfanonin iri, da hukumomin da ke tsare shigowar cututtukan tsirrai a kan iyaka, da aikin gandun daji, da rumbunan adana iri, da masu auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara gini. Mai sha'awar magani ya tuna Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga tazargade ta sami Nobel a 2015, amma ya sani wannan hanya sai da ilimin sinadarai mai ƙarfi. Kowace ƙofa da ƙwarewar da take nema: mai son kamfanin iri ya karkata ga ilimin gado da inganta iri, mai son aikin kan iyaka ya riƙe cututtukan tsirrai da kyau.

Don haka kafin ka taɓa fom, nemo tallan guraben aiki na wuraren da kake sha'awa, ka karanta abin da suke buƙata layi-layi, ka rubuta abin da ba ka iya ba tukuna. Da wannan takarda a hannunka za ka je wurin malamin da kake so ya duba aikinka, ka tambaye shi wanne daga ciki zai iya koya maka.