In aiki ne mu ɗaya ne, in kuɗi ne sai a ce takardar ba ta shafe mu ba

Tun watan Satumba na 2023 Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa ta fitar da takardar ƙarin albashi ga ma'aikatan manyan makarantu: kashi 35 cikin 100 ga waɗanda suka kai ƙololuwar mataki, kashi 25 ga sauran, kuma aka ce lissafin zai fara daga 1 ga Janairu, 2023. Ƙarin ya haɗa da tsarin CONPCASS, wanda a kansa ake biyan malaman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, da kuma CONTEDISS na ma'aikatan da ba sa shiga aji. Ni malami ne a wata kwalejin ilimi ta jiha a nan Kebbi, kuma har yau ba wanda ya iya gaya mini a rubuce ko ina cikin waɗanda suka cancanci wannan ƙari ko ba na ciki. Wallahi wannan rashin amsar ya fi rashin kuɗin ci mini rai.

Ka je ofishin kuɗi, a ce maka su umarni suke jira. Ka je wajen masu riƙe da fayil, a ce an kafa kwamiti. Ka tambayi ɗan kwamitin, ya ce sun miƙa rahoto, saura sa hannu. Wani jami'i da na tsare a bakin ƙofarsa, na ce, "Yallaɓai, don Allah a fito mana fili, muna ciki ko ba ma ciki?" Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce, "Malam, ai wannan takardar ta 'yan tarayya ce. Ku yi haƙuri, ana kai." Da me zan kai haƙuri gida? Mai shago ba ya karɓar "ana kai".

Kada wani ya karanta mini doka, na san ta. Ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke da iko a kansu tare, saboda haka takardar Abuja ba ta ɗaure jiha sai jihar ta amince ta ɗauka. Na ji, na yarda. To amma me ya sa ba a tuna wannan bambancin sai ranar biya? Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi na ƙasa, wadda aka kafa tun 1989, manhaja ɗaya ta ba mu da kwalejojin tarayya. Idan masu tantance kwasa-kwasai suka zo, ma'auni ɗaya suke auna mu da shi: yawan malamai, takardun kowa, ɗakin karatu, ɗakin gwaji. Mu ne muke kwana muna haɗa musu fayil-fayil don kada a rufe sashe. Shaidar malanta ta NCE da ɗalibina zai fita da ita daidai take da ta ɗalibin kwalejin tarayya, ita ce kuma mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin ƙasa ya yarda mutum ya koyar da ita. In kana son ƙarin girma daga Lakcara III har ka kai Cif Lakcara, sai ka kawo digiri na biyu, ka kawo maƙalun da ka buga a mujallu, ka nuna tarukan ilimi da ka halarta, kuma mafi yawan kuɗin bugun daga aljihunka ya fito. A duk wannan ba wanda ya taɓa cewa, ku 'yan jiha ne, a rage muku sharaɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ne halin da muke ciki.

Sannan ga wani abin takaicin. Tun ba a ga ko kwabo ba, an fara raba mu gida-gida da maganar cancanta. Yau ka ji wai wanda ke hutun karatu ba zai shiga ba sai ya dawo, alhali kwalejin ce ta sake shi da hannunta ya je ya ƙaro ilimin da za ta yi alfahari da shi gaban masu tantancewa. Gobe ka ji wai masu kwantiragi da masu aikin wucin gadi ba sa ciki, su da aka jibga wa azuzuwan da suka fi cunkoso. Wanda aka sauya daga aikin ofis zuwa koyarwa ba a san a wane tsari za a ajiye shi ba. Duk jita-jita ce ta ɗakin malamai, domin ba a manna takarda ko ɗaya a allon sanarwa ba. In akwai ƙa'ida, a fito da ita mu karanta. Mu ne fa muke koya wa mutane karatu.

Wanda ya fi ba ni tausayi wani dattijonmu ne da ya yi ritaya bayan Janairun 2023. Shi ya koyar da da yawa daga cikinmu. Na same shi zaune a kan benci a baranda, rungume da tsohon fayil da aka ɗaure da igiya, yana jiran yaron da bai wuce sa'ar ɗansa ba ya duba masa takarda. Ya ce da ni, "Ɗana, in ƙarin ya fara daga wancan watan, to ai na yi aiki a cikinsa. Ariyas ɗina fa? Kuma giratutina da wane albashi za a lissafa?" Ban da amsa. Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin albashin ƙarshe shi ke bin mutum har cikin fanshonsa. Kowane watan da aka ja, wani ne zai fita da tsohon lissafi ya zauna da shi har ƙarshen ransa.

Kuma don Allah a daina ruɗa mu da zancen mafi ƙarancin albashi. Dokar Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 daban, gyaran tsarin albashin manyan makarantu daban. Na farkon ɗaga ƙasan tsani ne, abin da ke isowa ga na sama kuwa ɗan daidaitawa ne kawai. Ba a biyan bashin wancan da wannan.

A duba yadda rayuwa ta koma. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Lokacin duba ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, sai a tura ka makarantun ƙauye ta wajen Bunza ko Bagudo ko Yawuri, ka hau mota ka sauka ka hau kabu-kabu, da kuɗinka, alawus ɗin kuwa sai ka manta da shi. Wanda aka tura ɓangaren Zuru da Danko-Wasagu, ga kuɗin mota ga fargabar hanya. A jihar da fadamun Argungu da Suru suke ciyar da wasu jihohi da shinkafa, malamin kwaleji ya koma awon kwano-kwano, wani lokacin ma bashi. Alat na shigowa, bashin banki da na ƙungiyar adashi sun riga sun cinye rabi.

Shi ya sa mutanenmu suke ta tafiya. Duk wanda TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauki nauyinsa ya gama digiri na uku, jira yake wa'adin yarjejeniyarsa ya cika ya nemi gurbi a jami'a ko wata makarantar tarayya. Ban ga laifinsu ba. Amma waɗanda za su koyar da 'ya'yanmu a firamare a hannun wa za su yi karatu?

Shugabannin ƙungiyarmu na reshe, ana cire mana kuɗin ƙungiya kowane wata ba fashi, ku kira taro ku gaya mana inda maganar ta tsaya. Masu riƙe da fayil kuma, abin da muke nema ba shi da wuya: takarda ɗaya mai sa hannu da hatimi, wadda za ta faɗi wane ne ya cancanta, daga wane wata, nawa ne a kowane mataki, da yadda za a yi da ariyas na masu aiki da na waɗanda suka yi ritaya. In kuwa an yanke cewa ba za a ba mu ba, a rubuta hakan ma, da sunan wanda ya yanke da dalilinsa, mu san ƙofar da za mu kai kukanmu.