Ranar da Ƙuguna Ya Ƙaryata Ni

Na daɗe ina tura keken alhazai tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai, sama da kilomita 3 ga kowane alhaji. Bana ƙuguna ya ce ya gaji. In na tsaya, ciwo ya tsargo mini har ƙafar hagu. In na yi ruku'u ko na kwanta, kamar an yi ruwa an ɗauke. Uwargida kuwa tun a gidanmu na Shara Mansur a Makka ta yanke hukunci: lalaci ne.

Likita ya tura ni hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, a wani asibiti a Jidda. Mai ɗaukar hoton yaro ne Bahaushen Sudan, ɗan Maiwurno. Ya raba ni da zobe da agogo da makullai saboda maganaɗisun na'urar, ya kwantar da ni rigingine, ya cusa mini matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, ya rufa mini bargo. Na ce a raina, da gemuna zan kwanta kamar mai naƙuda? Yana juya baya na tunkuɗe matashin da diddige, na miƙe sambal.

Aka zura ni cikin ramin na'urar, ƙara kamar injin markaɗe. Ko minti biyar ba a yi ba ƙugu ya kama, na shiga mutsu-mutsu kamar tsutsa a rana.

Ya zaro ni, ya ɗaga bargo. "Kawu, ina matashina?"

Na ce ai zamewa ya yi.

Bai musa ba, ɗan albarka. Ya ce in ƙafafu suka miƙe, lanƙwasar ƙugu tana ƙaruwa, hanyar jijiyoyi ta matse, ciwo ya taso, mutum ya motsa, hoto ya yi dishi-dishi. Aka sake daga farko, kusan rabin awa. Wannan karon har gyangyaɗi na yi.

Sakamako ya fito: faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin ƙugu na 4 da na 5 ya ɗan turo. Uwargida ta cafke kalmar. "Likita, ɗan turowa ka ce ko?" Ta harare ni.

Allah ya saka wa likitan nan. Ya ce, "Hajiya, a kwance aka ɗauke shi, ba nauyin jiki a kan faifan, gwiwa kuma a ɗage, hanyar jijiya ta buɗe. In ya tsaya abin yana iya fin haka. Akwai ma na'urar da ke ɗaukar mutum a tsaye, mu dai ba mu da ita."

Wato ƙuguna ya yi mini halin yaro mai ƙiriniya, ya ga baƙi ya natsu.

Hajiya ta ce to a nemo ta tsayen, a ɗauke ni ina wanke-wanke. Daren nan na lallaɓa na ɗauke matashinta na sa a ƙarƙashin gwiwa, har yau ba mu gama shari'ar ba.