Wai sai da kayan dubu hamsin mace za ta bar rilaksa?

Tun da maganar alaƙar rilaksa, man miƙar da gashi, da cutar kansa ta zagaye guruf-guruf ɗin mata, wata sabuwar kasuwa ta buɗe a Legas, kuma gaskiya abin ya ishe ni. Waɗanda jiya suke tallan man bilicin da haɗin ƙiba a Instagram da TikTok, yau su ne malaman gashi. Kowacce ta fito da nata haɗin "komawa nacural", kwalabe shida ko bakwai a leda mai ƙyalli, shamfu daban, kwandishina kala biyu, man tsawo, man cika, man gaban goshi, da wani ruwa da ake fesawa safe da yamma, a ce miki dubu arba'in ko hamsin ban da kuɗin mai kawowa, kuma wai in ba ki saya ba gashinki a jikin kum zai ƙare. Matanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da suke fama da kuɗin cefane da na makarantar yara, su ake tsoratarwa da wannan magana, har akwai masu jiran kwasar adashe don su saya.

Tsoron kam yana da tushe, ban ce babu ba. A watan Oktoban 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta NIH a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, suka ga cewa matan da ke shafa man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da kansar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa shafawa fiye da sau biyu. A lissafinsu, kafin shekara 70 kashi 1.64 cikin ɗari na marasa shafawa za su kamu, masu yawan shafawa kuwa kashi 4.05. Su da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su tantance wane sinadari ne ko man wane kamfani ba. To amma ko ba wannan binciken, duk wadda ta taɓa zama a salun tana cije leɓe ana ce mata "daure kaɗan bai nuna ba" ta san abin da ke kanta ba wasa ba ne. Rilaksa mai ƙarfin nan sodar da ake haɗa sabulu da ita ce a cikinsa, wanda ake rubuta wa babu soda ɗin ma ɗan uwanta ne a ciki, shi ya sa washegari za ki ji ɓawon ƙuna ya manne da gashi. Masu cewa ai iyayenmu sun shafa ba abin da ya same su, su je su dubi gaban goshin iyayen nasu tukuna.

Saboda haka barin rilaksa shawara ce mai kyau. Inda nake da ja shi ne wannan ƙaryar da ake cusa wa mata cewa maganin wahalar barinsa yana cikin kwalba.

Ga abin da ke faruwa a kan mace idan ta daina ritocin, wato sake shafa man a sabon toho. Man ya riga ya tsinka igiyoyin da ke riƙe da murɗin gashin, wanda ya miƙe ya miƙe ke nan har ranar da almakashi zai raba ki da shi, babu man da zai dawo da shi yadda Allah ya halicce shi, duk mai ce miki nata yana "wanke rilaksa daga gashi" kuɗinki take so. Daga ƙasa kuma sabon toho na fitowa da murɗinsa da ƙarfinsa. Kin ga sili ɗaya ya zama gashi iri biyu, ƙasa mai tauri a nannaɗe, sama laƙwas ba ƙwari, kuma daidai mahaɗar nan tasu ita ce wuri mafi rauni a duk kan. Nan yake karyewa. Wata na uku zuwa na shida nan ne yawancin mata ke karaya su koma salun, don a lokacin ne tohon ya yi yawan da kum ba ya wucewa salin alin.

Shi kuma gashi tafiyarsa ɗaya ce, wajen santimita ɗaya a wata, wata ta ɗan fi haka wata ba ta kai ba, ya danganta da gado da lafiyar jiki da abinci. A shekara dai tsawon da bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. To don Allah ta ina man sati biyu zai kawo gashi har kafaɗa? Bidiyon da suke nunawa na "kafin" da "bayan" kuwa, kowace mai gashin asali ta san sirrin. Gashinmu in ya sha ruwa ya bushe yakan tsuke ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, sai a ɗauki hoton farko a tsuke, a busar da diraya a ja shi a ɗauki na biyu, rana ɗaya kai ɗaya. Haka maganar zubewa, mutum lafiyayye yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum, in kin yi sati uku da kitso duk suna nan maƙale sai ranar tsifa su fito a dunƙule, sai a nuna miki dunƙulen a ce kin ga ciwo, ga magani.

Abin da ke cinye gashin mai barin rilaksa hannu ne. Hannunta da hannun makitsiya. Wannan ita ce maganar da ba mai son faɗa don ba a samun ko sisi da ita.

Ku leƙa kowane gidan haya a Agege ranar Asabar da hantsi. Makitsiya na kan kujera 'yar tsugunno, mai kitso a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, an tsefe kai a bushe ƙayau, sai a ɗauko ƙaramin kum mai haƙora a matse a kafa shi tun daga tushe a finciko, kina jin ƙas ƙas ƙas, gutsattsarin gashi na zuba a kafaɗa da kan zani. Waɗannan gajerun da kike gani ba daga saiwa suka fito ba, karyewa suka yi a mahaɗar da na faɗa. Sannan a zo kitson, a ce ƙanana ake so don ya daɗe, a tsinto har 'yan jariran gashin gaban goshi a tamke su, mace ta tashi girarta a ɗage, daren nan sai da Panadol, kwana biyu ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin kitson. In ta yi magana a ce "Hajiya ke dai ba kya son kitso ya yi kyau". Wane kyau? Ƙurajen nan saiwar gashi ce ke neman agaji, kuma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru wurin yakan mutu murus, ya yi sumul, babu man da zai sake tsirar da shi. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba wannan a Cape Town ta Afirka ta Kudu, a rahotonsu na 2007 kusan mace ɗaya cikin uku na da irin wannan cinyewar gaban kai da ja ke kawowa, kuma abin ya fi muni ga waɗanda ake yi wa kitso mai ja a kan gashin da ya sha rilaksa. Wato daidai halin da mai ƙoƙarin dainawa take ciki. Ko ribom ɗin da ake tamke gashi da shi a wuri ɗaya kullum, da ɗaurin ɗankwalin da ke murzar goshi daga safe har dare, suna cikin lissafi.

Ban ga laifin makitsanmu kacokan ba, haka suka koya kuma mu ne muke ce musu a matse don kuɗinmu ya yi auki. Amma mai haɗin dubu hamsin ba za ta taɓa ce miki ki je ki yi magana da makitsiyarki ba, sai dai ta sayar miki da man gaban goshi ki shafa a kan wurin da za a sake ja ranar Asabar mai zuwa.

Wani abin da ke ƙona min rai, darasin nasu ma kwafo shi suke daga matan Amurka da Ingila ba tare da sun dubi wa suke yi wa magana ba. Can shawarar farko ita ce ki ɓoye gashin a cikin atach ko wig na wata biyu. Mu kuwa akasarinmu ba ma ƙarin gashi saboda hanin da ya zo a hadisi, kuma kanmu ba ya wata biyu bai ga ruwa ba, matar aure ta san sau nawa wanka ke hawa kanta a sati. Ga hula, ga ɗankwali, ga hijabi a sama. Ga kuma Legas, garin da ko shanya ba ta bushewa da daɗin rai in damina ta kankama, iska kullum a jiƙe, ki shiga danfo a gosulon Oshodi gumi na bin ƙeya. Mace ta jiƙa kai da asuba, ba wuta balle diraya, ta lafta mai kala uku kamar yadda aka koya mata, ta rufe ta fita, kai ba zai bushe ba har dare. Daga nan sai ƙaiƙayi, sai amosani, sai wari, sai susa da kibiya, sai karyewa. Shawarar da za ta yi wa 'yar Kano amfani a tsakiyar hunturu ba ita ce ta 'yar Obalende a watan Yuni ba, balle ta wadda ke zaune a London. Har garin nan na shafa wa gashi, chebe, da ake ta yayi, matan Chadi a jikin gashin suke shafa shi su kitse su bar shi ya huta, a ƙasa mai bushewa, amfaninsa hana karyewa ne. A nan sai a dama shi da mai a cusa har fatar kai a rufe da hijabi, a zauna jiran tsawo.

Kuma wai duk me ake nema a kwalaben nan? Abu mai santsi da zai sa gashi ya warware ba faɗa, da abin wankewa marar zafi, da mai ɗan kaɗan da zai riƙe danshi. Shi ke nan fa. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ke jiƙa shi, aikin mai ya tare ruwan kada ya gudu da wuri. Santsin kuwa karkashi ya fi ƙarfin a yi masa gori, ki jiƙa busasshensa a ruwan ɗumi ki tace, ki raba kan gida huɗu ko shida, ki shafa yauƙin ki bi da yatsu daga baki zuwa tushe kafin babban kum ya zo, za ki ga inda kum ke tsayawa da yana wucewa. Ganyen nan dai shi ake ƙullawa a leda mai tambari ana sayarwa da sunan ambunu na Chadi da tsadar gaske, alhali yana nan a Mile 12 wurin masu kuka da kuɓewa busasshiya. Garin magarya ma haka. Man kaɗanya kuwa abin har da takaici, gwamnatin tarayya da bakinta ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwarar kaɗanyar duniya daga Najeriya take fitowa amma rabonmu a kasuwar bai kai kashi ɗaya ba, dalilin da ta bayar ke nan da ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida a watan Agustan 2025. Matan Neja da Kwara da Kebbi su tsinto su dafa su daka, a kai waje a zuba turare, a dawo mana da shi ta kasuwannin Trade Fair da Balogun mu saya da farashin dala muna murna. Ban hana mai hali sayen kwandishina mai kyau ba, yana aiki, guda ɗaya ya isa. Cewa sai da bakwai ne zalunci.

Akwai masu cewa a huta kawai a aske duka a fara sabo. Faɗa da baki ba wuya, su zo su faɗa wa mijin da uwar mijin. Yawancinmu a hankali za mu bi, kalaba manya ko shuku sakwa-sakwa ko kitson zare da maƙwabtanmu Yarbawa suka iya sosai, ana datse bakin kaɗan-kaɗan duk bayan wata biyu har tsohon ya ƙare, shekara ɗaya ko biyu. Kuma mazan nan da ke cewa kai ya zama kamar na mahaukaciya, da 'yan uwan da ke tasa amarya gaba sati ɗaya kafin biki sai an kai ta an shafa mata don gashi ya kwanta a hoto, bayan ta yi shekara guda tana lallaɓa abinta, ku ji tsoron Allah. Wahalar shekara ake rushewa cikin minti ashirin saboda hoton da ɗankwali zai rufe rabinsa.

Hukuma ma tana da nata. Doka ta ce kayan shafa sai da rajistar NAFDAC, to kwalaben nan da ake haɗawa a ɗaki a liƙa musu takarda, ba lamba ba jerin abin da ke ciki, ana tura su jiha-jiha har ana cewa a shafa wa jarirai, wa ke duba su? Mace ta gudo daga kemikal ɗin da aƙalla an rubuta sunansa a kwali, ta faɗa wanda ba wanda ya san mene ne. Ya kamata a bi masu tallan nan a tambaye su hujjar tsawon sati biyu, kuma ƙungiyoyin matanmu da makarantun Islamiyya su riƙa kiran makitsa ana zama da su.

Wadda kuma gashinta ke zuba da gaske, tsakiyar kai na buɗewa ko wani wuri ya yi fili, ta bar Instagram ta nemi likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH a nan Legas. Sau da yawa ƙarancin jini ne, ko zubar da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa wadda ke tsayawa da kanta, ko makero, ko ciwon da ke kashe saiwa in an yi jinkiri, kuma gwajin jini da ganin likitan da wuya su kai kuɗin ledar nan mai ƙyalli.